Wurin da Gwaggo Arzie Ta Ajiye

Gwaggo Arzie ba ta yarda da takarda ba. Ba wai ba ta iya rubutu ba ne, ta yi makaranta har aji takwas, kuma rubutunta ya fi nawa kyau nesa ba kusa ba. Takarda, in ji ta, ɓera yana ci, ruwa yana jiƙawa, mai iko kuma yana gyara ta yadda ya ga dama. Saboda haka mutum ɗari da talatin da bakwai da ke kwance a tsohuwar maƙabartar bayan cocinmu na Little Canaan, a cikin kanta ta ajiye su. Kowa da sunansa, da sunan uwarsa, da abin da ya kashe shi, da inda aka kwantar da shi.

Ni ce Dovie, 'yar ƙanenta. Shekara ashirin da takwas na yi ina tuƙa motar 'yan makaranta a wannan yanki na Alabama, don haka haƙurina kaɗan ne, muryata kuma ba ta san a hankali ba. Ban haihu ba, auren ma sau ɗaya na gwada na ce na gode. Tun da Gwaggo ta daina tuƙi ni nake kai ta asibiti da kanti da coci, kuma a hannuna makullin ƙofar maƙabarta yake. Ku riƙe zancen makullin nan, za mu dawo kansa.

A shekarar 1931 aka haife ta a nan Tallow Creek, a wani gidan katako da ke tsakiyar gonar auduga, aka sa mata suna Arzelia Threadgill. Threadgill ɗin ba namu ba ne, na mutumin da ya mallaki kakanninmu ne, muka wayi gari da shi kamar tsohuwar rigar da aka ba mu. Kakarta Tildy a cikin bauta aka haife ta, tana da shekara bakwai aka ce an 'yanta su. Ita ce ta kama hannun Gwaggo tun tana 'yar shekara shida ta fara zagayawa da ita cikin kaburbura. Duk watan Agusta suke yi, a makon da ke gaban Ranar Komawa Gida, wato Lahadin da duk danginmu da suka watsu a biranen arewacin Amurka suke dawowa, a gaida matattu, a ci abinci a gindin itatuwa.

A tsohon ɓangaren babu allon suna ko ɗaya. Mutanenmu na da ba su da halin sayensa, wasu ma an hana su koyon baƙin da za su rubuta. Abin da ake yi shi ne a kafa dutse a wajen kai, a tara ƙasa, sannan a ɗauko abin da mamacin ya yi amfani da shi na ƙarshe, kofi ne, faranti ne, kwalbar magani ce ko fitila, a fasa shi ko a huda gindinsa a ɗora a kai. Tsofaffi sun ce ana fasawa ne don kada mutuwar ta bi sauran 'yan gidan. Ciyawa kuwa ba a barinta, da fartanya ake kankare ta, a bi da tsintsiya har ƙasa ta yi fes. Baƙo in ya leƙa, juji zai gani. Gwaggo kuwa karantawa take yi, tana tafe tana nunawa da sanda:

"Sukey, uwar Tildy, da ƙafa aka koro ta daga Carolina, ɓarin tukunyar ƙarfe. Kusa da ita Isom, mijinta na biyu, alfadari ya harbe shi, lofe. Kusa da shi tagwayen da ba su kai suna ba, cokali biyu."

Haka take bi layi-layi, daga gindin wani tsohon itacen sida har gangaren rafi. Ba da taku take ƙirgawa ba, kowa da maƙwabcinsa take gane shi.

Shekara talatin da ɗaya ta yi tana girki a makarantar garin. Duk wanda ya haura hamsin a Tallow Creek ya ci wakenta da burodin masararta, ya kuma sha ludayinta a bayan hannu in ya miƙa kafin a ce ya miƙa. Ta auri wani Cleon tana da shekara ashirin da ɗaya, ta haifi 'ya ɗaya, Nettie. Yarinyar tana da wata goma sha shida zazzaɓi ya ɗauke ta, a Oktoban 1954. Aka kwantar da ita a layi na shida, Gwaggo ta karya hannun ɗan farin kofinta mai hoton agwagwa ta ɗora mata. Da bazara ta kewayo Cleon ya tafi Cleveland neman aiki. Sau uku yana aiko mata da tikitin jirgin ƙasa, sau uku tana mayar masa. Da mahaifina ya yi mata magana sai ta ce, "In tafi in bar ta da wa?" Cleon ya gaji ya samu wata a can, a can kuma aka binne shi.

Gefen dama na Nettie ta bar fili daidai tsawon mutum ɗaya. Shekara sittin tana gadinsa. In an zo neman inda za a haƙa wa wani, ta ce can da mai shi. Na taɓa ce mata in sayo wa Nettie allon dutse mai suna, ta dube ni kamar na ce mu sa wa kaza takalmi.

"A rubuta wa wa? Ni dai na san inda take."

A 1974 mutanen hukuma suka zo za su miƙe titin da ya bi ta gefen cocin, suka ce za a kwashe tsofaffin kaburbura a mayar wani wuri mai kyau. Gwaggo ta ɗauko kujera da kwandon wake ta zauna a bakin ƙofar tana ɓarewa. Kwana tara ta yi. Da babbansu ya zo rarrashi, hula a hannu, yana ce mata Anti, ta ce masa:

"Ni ba antinka ba ce. Mutanen nan sun sha tashi suna da rai. An tashe su daga Carolina, an tashe su daga wannan gona zuwa waccan. Nan ne wuri na farko da aka bar su suka kwanta. Wanda aka kwantar a nan, ba mai tashinsa, ko ni ce."

Har yau titin a wurin a lanƙwashe yake. Sau biyu kullum nakan sha wannan kwanar da mota cike da yara, ina zaginta a raina.

Ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, ta ce mini, "Dovie, zo mu zaga." Ni kuwa in ce zafi ya yi yawa, in ce gwiwata, in ce baɗi. Na san kamar mutum ashirin, su ma na gefen ƙofa. Na ɗauka kullum tana nan.

Sai Lonzo ya dawo. Ɗan yayanta ne, ya girme ni da shekara biyar, ya yi shekara arba'in a kamfanin ƙera motoci a Detroit ya yi ritaya, ya dawo gida a 2013 da takalmi fari da kwamfuta da ƙaunar dangi da ta taso masa da rana tsaka. Lonzo ba mugu ba ne, wannan dole in faɗa. Mutum ne dai da ba ya iya ganin abu a zaune bai gyara shi ba. Ya tofa yawu a kwalba ya aika wani wuri, aka aiko masa da takarda mai launi-launi, ya kawo wa Gwaggo yana rawar jiki.

"Gwaggo, kin ga daga inda muka fito! Kashi kaza daga nan, kashi kaza daga can."

Ta riƙe takardar a kife, ta miƙa masa. "Wato yawu ka tofa, ka biya kuɗi, aka gaya maka kai baƙi ne? Da ka zo wurina da na gaya maka kyauta."

Ya yi dariya har da hawaye. Ya zana bishiyar dangi a kwamfutarsa, amma duk inda ya bi sai ta tsaya a ƙidayar 1870, don kafin nan babu sunayenmu a takardun gwamnati, sai dai a ce mace, shekara kaza, baƙa. Gwaggo tana tsince wake ta ƙara masa kakanni biyu a sama ba ta ko ɗaga kai ba. Tun daga ranar ya ɗauke ta kamar wata waliyya. Kullum yana gidanta, ya gyara famfo, ya gyara matakala, ya gyara abin da bai lalace ba.

A watan Yunin 2014 ta faɗi a bayan gida ƙashin ƙugunta ya karye. Mako shida aka riƙe ta a asibitin birni. A mako na biyu Lonzo ya same ni ina suyar tarwaɗa.

"Direba, ba ni makullin maƙabarta."

"Ka gaji da mu ne za ka koma can?"

"Ke dai ba ni. So nake in ɗan gyara wurin kafin Ranar Komawa Gida, tsohuwa ta dawo ta sha mamaki. Ba ki ga yadda ya koma ba? Ko kare ba zai kwanta a can ba."

"Kai da ko fartanya ba ka iya riƙewa? Mutumin Detroit, kada ka sare ƙafarka mu shiga uku."

Na ciro makullin daga ƙusa na jefa masa, ban ko juyo daga kan kaskon ba. Kwana uku ina wucewa ta kwanar nan zuwa asibiti, ina hango motoci a bayan coci da ƙarar inji. Abin da ya zo mini a rai shi ne, madalla, bana wani ne zai yi gumin.

A rana ta huɗu ya kira ni in zo in gani. Na tarar da shi a bakin ƙofa ya riƙe ƙugu, fuskar nan cike da fara'a. Bayansa fili ne shimfiɗe tun daga katangar coci har rafi. Babu tudu, babu kwari. An sare itacen sida da sauran itatuwa, an niƙe kututturansu. An zuba ƙasa an cike inda ya lotsa, an baje, an watsa irin ciyawa. Duwatsun kai kuwa an jera su reras a gefen shinge, wai za a yi wa fulawa iyaka da su.

"Kin ga aiki? Yanzu inji zai iya yanke ciyawar cikin awa ɗaya. A tsakiya zan kafa babban allo guda na farin dutse, Gwaggo ta faɗi sunayen duka a rubuta."

"Ina kayan?" na ce.

"Wane kaya? Sharar? Dovie, mota biyu muka kwashe! Fasassun faranti, kwalabe, tsofaffin fitilu. Shekara da shekaru mutane suna zubar da shara a kan kakanninmu, ba wanda ya ce uffan."

Yana da shekara huɗu aka tafi da shi Arewa. In sun zo a Agusta, wajen teburan abinci da sababbin kaburbura masu allo yake tsayawa. Ba wanda ya taɓa gaya masa, don ba mu san akwai wanda bai sani ba. Ni da nake tsawa ɗaya yara sittin su yi tsit, sai kawai na juya na bar shi a tsaye. Na shiga mota na tafi jujin hukuma. Mai gadin ya nuna mini wani tudu, ya ce tun shekaranjiya katafila ta bi ta kai. Na tsaya ina kallon tudun na wani lokaci, sannan na wuce asibiti na kai mata rigar barci mai tsabta, muka yi hirar abincinsu marar gishiri.

Ban gaya mata ba. Lonzo ma ban gaya masa abin da ya yi ba. Ban san me nake jira ba.

An sallame ta a farkon Agusta. Ranar Asabar, jajibirin Komawa Gida, ta sa hularta ta ce a kai ta. Lonzo ya riƙe mata ƙofa, ta shiga tana tura sandar nan mai ƙafa huɗu da asibiti suka ba ta. Ciyawar ta fito kore shar. Ta tsaya. Ta daɗe a tsaye har na fara jin kukan tsuntsaye a rafi.

"Ya yi kyau, Lonzo," ta ce. "Kamar filin ƙwallo."

Ya shiga yi mata bayanin allo da inji. Ta bar shi ya gama.

"Ina kofin?"

"Wane kofi, Gwaggo?"

"Ɗan ƙarami, fari, da hoton agwagwa. Hannunsa a karye."

Ya dube ni. Na ce masa, "Na Nettie ne. Kowane faranti da ka kwashe, sunan mutum ne."

Na ga lokacin da maganar ta isa gare shi. Mutum mai shekara sittin da shida, sai ga shi zaune daɓas a ƙasa da farin wandonsa, baki buɗe. Gwaggo ta dube shi ba fushi ba tausayi.

"Tashi," ta ce. "Wataƙila a kan kakarka kake zaune."

Ta tura sandar zuwa inda take zaton itacen sida yake, ta juyo ta fuskanci rafi, ta fara tafiya leɓunanta suna motsi. Ta yi nisa kaɗan ta tsaya. Ta koma ta sake. A karo na uku ta tsaya a wani wuri ta dubi ƙasa.

"Nan," ta ce. Sai kuma ta ɗaga kai ta duba gaba. "Ko can."

Tun da nake ban taɓa jin ta ce ko can ba. Na ɗauko bulo na ajiye a inda ta fara cewa nan.

Washegari dangi suka cika wurin, kowa da riga mai hoton bishiyar Lonzo a ƙirji. Aka yi ta yaba fili, aka yi ta ɗaukar hoto a kai, yara suna tsere. Gwaggo tana zaune a inuwa da faranti a cinya, kaza da kuɓewa da dankali, ƙudaje suka ci rabonsu. Duk wanda ya zo gaishe ta ta amsa, ta kuma gaya masa sunan kakarsa kamar yadda ta saba.

Bayan mako biyu ta ce in zo da littafi da biro. Na ce, "Ke da takarda, Gwaggo?" Ta ce, "Me ya rage?"

Satumba da Oktoba muka yi a barandarta, kullum da la'asar. Tana faɗa ina rubutawa, layi-layi, suna da uwa da ciwo da abin da aka ɗora. Muryarta ba ta hawa ba ta sauka, kamar mai karanta jerin kayan cefane. Lonzo yana zuwa ya zauna a matakalar ƙasa. Ba ta kore shi ba, ba ta kuma yi masa magana ba, sai dai in an sauke abinci ta ce, "A ba wancan." Ya rame, ya daina kawo kwamfuta. Da muka iso layi na shida ta ce:

"Nettie, 'yar Arzelia, wata goma sha shida, zazzaɓi, kofi mai agwagwa. Kusa da ita babu kowa."

Na rubuta. Sannan ta ce in ajiye biron.

"Makon da na saka ta, na dasa mata furen nan rawaya mai gindi kamar albasa, na zagaye ta da shi. Duk Fabrairu yake fitowa, kafin Agusta ya bushe ya koma ƙasa. Ku 'yan Agusta ne, ba ku taɓa gani ba. In injin wancan bai tono su ba, za su fito. In na kai Fabrairu shi ke nan, da kaina zan nuna miki. In ban kai ba, ki jira."

"In jira da me, Gwaggo?"

"Da ni mana. Ina zan je?"

Na yi dariya, don na ɗauka raha ce. Ita ba ta yi ba.

Ba ta kai ba. Ranar Talata ta farkon Disamba na zo da safe in kai ta ganin likita, na same ta a kujera, rediyo yana ta magana, kofin gahawarta a gefe da saura a ciki. Na kashe rediyon, na wanke mata fuska, na kira fasto. Ban yi kuka ba. Na yi ta jira kukan ya zo, bai zo ba.

Na gaya wa dangi abin da ta ce. Mai gidan ajiye gawa ya ce mako biyu ko uku ba komai, amma wata uku bai taɓa yi ba, kuma bai ga dacewarsa ba. Na ɗauki ƙaramin shebur na tafi filin ina tona nan da can, ko zan ci karo da gindin furen. Lonzo ya biyo ni ba tare da na kira shi ba. Kwana huɗu muna rarrafe a cikin sanyi. Muka samu ƙusa, da maɓalli, da ɓarin faranti mai shuɗin baki wanda ban san na wa ba ne.

A rana ta biyar aka taru a falonta, na Detroit da na Cleveland da na Atlanta, wasu ta waya. Kowa ya ɗauki hutu, kowa ya sayi tikiti. Matar wani ɗan uwanmu ta ce:

"Haba Dovie! Tsohuwa mai shekara tamanin da uku za ki bari a firji har Fabrairu, saboda fure? In kuma bai fito ba fa? Mu kai bikin Ista?"

Fasto ya ce Ubangiji ya san inda kowa yake. Wani ya ce ai ita da kanta ta nuna wuri, ga bulo nan. Lonzo kaɗai ya ce a jira, amma wa zai saurari Lonzo a kan zancen maƙabarta? Duk suka juyo suna kallona. Zan so in ce na yi faɗa, don faɗa sana'ata ce. Ban yi ba. A gajiye nake, kuma ba na jin komai, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta. Na ce, "To."

Masu haƙa suka zo da dogon ƙarfe suka caka a wajen bulon, don kada su faɗa kan wani. Babbansu ya ce ƙasar nan tauri gare ta, ba a taɓa haƙa ta ba. Na riƙe wannan magana da hannu biyu. Fili babu kowa a tsakiyar tsohon ɓangare, ai wurin da ta ajiye ke nan. Aka saka ta ranar Asabar ta biyu a cikin watan, aka yi waƙoƙi, aka ci abinci, kowa ya kama hanyar filin jirgi.

Duk Janairu ban leƙa ba. In na zo kwanar nan sai in dubi ɗaya gefen. Ranar sha tara ga Fabrairu da hantsi waya ta yi ƙara.

"Dovie," in ji Lonzo. "Zo."

Tun daga ƙofa na hango su. Filin duk ya bushe ya yi fari, sai wani ɗan zobe rawaya can ƙasa wajen gangare, bai fi tsawon bahon wanki ba. Furannin sun fito cunkus, sun zagaye wuri ɗaya, tsakiyar babu komai. Tudun Gwaggo kuwa yana can sama, jar ƙasarsa ba ta gama kwantawa ba.

Na tsaya a wajen ƙafafun Gwaggo na fara takawa zuwa furen. Goma sha huɗu. Na koma na sake, goma sha huɗu. Na sake na uku da manyan taku, kamar wadda za ta yi wa ƙasa wayo, ya zo sha uku da ɗan guntu.

Lonzo ya je mota ya ɗauko littafin. Muka tsaya a kan Nettie muka fara ƙirga baya, maƙwabci bayan maƙwabci, layi na shida, na biyar, na huɗu. Da aka samu mutum ɗaya, sauran duk sai suka zauna a wurarensu, ba daidai da daidai ba amma kusa. Muka iso inda Gwaggo take, littafin ya ce tsakanin layi na huɗu da na biyar ne. Babu kabari a nan, ba a taɓa yi ba. 'Yar hanyar da ake bi ce. Shi ya sa ƙasar ta yi tauri. Ita ta taka ta, shekara saba'in da bakwai, da Kaka Tildy kafin ita.

Lonzo ya ari ƙarfen masu haƙa ya caka a gefen dama na furen. Nan ma tauri. Wurin yana nan yadda ta bar shi.

"Mu ɗauke ta," ya ce. "Zan nemo izini, zan yi komai. Dovie, taku sha huɗu ne kawai."

"Ka manta abin da ya sa titin can ya lanƙwashe?"

"Amma ai cewa ta yi a kai ta kusa da yarinyar!"

"Cewa ta yi in jira, ban jira ba. Ta kuma ce wanda aka kwantar a nan ba mai tashinsa, ko ita ce. Na karya ɗaya, ba zan ƙara da ta biyu ba."

Ya rufe fuska da hularsa. Na bar shi ya yi kukansa, ni nawa har yanzu bai zo ba. Na koma gidanta na ɗauko kofin gahawar nan, na buga hannunsa a jikin shinge ya karye, na ɗora mata. Na ce wa Lonzo in na sake jin ƙarar inji a filin nan, shi za a fara yi wa allo. Ya ce ya ji.

Duk bazarar nan ya yi ta ɗauko duwatsun daga gefen shinge ɗaya-ɗaya a baro, yana mayarwa inda littafi ya nuna. Ba mu san dutsen wa ya hau kan wa ba. Ya sayi fartanya, ya koyi riƙe ta, tafin hannunsa ya yi kanta. Ciyawar da ya shuka kuwa ta fi shi taurin kai, muna kankarewa tana dawowa.

Wurin da ke gefen Nettie na sa fasto ya rubuta a littafin coci cewa nawa ne, Lonzo ya sa hannu a matsayin shaida. Ba ni take jira ba, na sani. Amma ba zan bari yarinyar ta ƙare da fili a gefenta ba.

Duk Asabar ina zuwa. Ina farawa daga Sukey, in bi layi-layi da littafin a hannu, don har yanzu ban haddace ba. In na gama layi na huɗu sai in ratse ta cikin ciyawa, tunda hanyar da ake bi yanzu da mutum a kwance. In gaishe ta, in gaya mata wanda ya mutu da wanda ya haihu a garin, sannan in gangara wajen Nettie. Na yi ƙoƙarin daina ƙirgawa, ƙafata ce ba ta daina ba.